Rawaya a Kan Baƙi

Yayana ya ƙarar da fiye da rabin rayuwarsa yana tura mutane ƙasashen da shi bai taɓa takawa ba. A ofishin sayar da tikitin jirgin sama yake aiki, hawa na biyu, saman wani kantin magani, a tebur na ƙarshe can lungu inda iskar fanka ba ta kaiwa. Mutum zai kawo fasfo, Yaya ya buɗe, ya kwafe suna harafi bayan harafi, ya kwafe lamba da ranar haihuwa, ya zuba su a shafin kamfanin jirgi. Shi kansa sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi, ya dawo ya ce bai ga abin da ake zuzutawa ba, kunne kawai ya toshe masa.

A ofis babu mai kiransa da sunansa. Sake-Duba ake ce masa, domin maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Ka gama cike tikiti, ka ɗaga yatsa za ka danna, sai ka ji muryarsa daga lungu yana cewa a sake dubawa. Kuma yana da hujja. Harafi ɗaya in ya kauce a sunan fasinja, daga filin jirgi za a juyo da shi gida da akwatunansa da 'yan rakiyarsa, ofis kuma ya sha zagi. Sababbin ma'aikata sukan ji haushinsa da farko, daga baya su saba, har su riƙa kwaikwayon muryarsa in ya fita.

Ni ce autar gidanmu. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, Yaya ne ya ɗauki ɗawainiyata, kuma da aurena ya mutu shi ne ya roƙar mini teburin ƙofar shiga a ofishin nan, ina amsa waya ina karɓar baƙi. Duk bakin da Allah ya hana shi ni ya ba wa. Shi in an taka shi, shi ne zai ba da haƙuri. Ni kuwa ko kallon banza aka yi mini sai an ji dalili. Yakan ce da faɗa kayan sayarwa ne, da tuni na buɗe kanti.

Matarsa ta rasu tun 'yarsu tilo tana makaranta, bai sake aure ba duk da yadda muka matsa masa. Sunan mahaifiyarmu gare ta, 'yar, don haka Uwata yake kiranta. Ta yi karatu, ta samu aiki a wata ƙasa, shi da hannunsa ya yanka mata tikiti, ya yi ta sake dubawa har sai da ta ce jirgin zai tashi ya bar ta. Tun daga nan gidansa ya koma ɗaki biyu da rediyo da dutsen guga. Ba ya zaman hira a ƙofar gida, ba ya kallon ƙwallo, ko kaza bai ajiye ba. Ranar hutu nauyi take yi masa, sai ya goge kayan da ya riga ya goge. Kujerar nan ta lungu ita ce abin da yake tashi dominsa da safe, kuma na san haka tun kafin abin ya zama abin tsoro.

Idon a ɓoye ya fara tafiya. Na soma lura wata rana a gidansa da ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a kan tebur, ya ce tunani ne ya ɗauke masa hankali. Sai ya wuce ni a matakala bai kula ni ba. Sai na tarar da shi riƙe da kwalbar maganinsa har tana taɓa hancinsa. Na ja shi asibiti yana turjewa. Likita ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa, ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin bayan ido. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa abin da ya rage, tabarau kuma ba zai tsinana komai ba. A mota muna dawowa, da muka kusa gida, Yaya ya roƙe ni kada kowa a ofis ya ji. Kafin ranar ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba.

Uwata ce ta samo dabara da ta zo hutu. Wata Asabar da babu kowa, Yaya ya karɓi makullin ofis, muka shiga mu uku. Duk aikinsa a cikin burauza yake, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, don haka ita yarinyar ta zauna ta yi wa gyara. Ta hana shafuka zaɓar launinsu da girman rubutunsu. Ta mayar da farin allo baƙi ƙirin, domin fari yana kashe masa ido. Ta gwada farin rubutu, ya ce yana narkewa. Ta gwada kore, ya ce yana ɓuya. Da ta sa rawaya sai ya matso, ya karanta layi guda a bayyane bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ta ƙara girman haruffan har 'yan kalmomi kaɗan suka cika faɗin allon. Ta shiga wannan taga ta fita, ta shiga waccan, tana cire alama a nan tana sawa a can, ni dai ido ne nawa. Da ta gama Yaya ya share fuska da bayan hannu, ya ce fanka ce ke sa shi hawaye, alhali kowa ya san fanka ba ta kaiwa lungun.

Ni ma na yi nawa. Na ƙirƙiro sabon tsari, na ce daga yanzu a teburina za a ɗauki hoton kowane fasfo a tura wa ma'aikata, wai don kada takardun mutane su riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Manaja har yaba mini ya yi. Gaskiyar magana kuwa don Yaya ne, ya buɗe hoton a burauzarsa ya ƙara masa girma har lamba ɗaya ta kai tafin hannu.

Ya juya allonsa ya fuskanci bango, ya jingina tarin takardu a gefe. In wani ya nufo teburinsa, yatsansa na kan maɓallin da ke sauke taga, kafin mutum ya iso allon ya koma hoton teku. Ba a daɗe ba aka lura, ofis kuwa ba ya rasa fassara. Aka ce Sake-Duba ya yi budurwa a intanet. Wata abokiyar aikinmu da muke kira 'Yar Gayu ta rantse ta hango shi yana murmushi shi kaɗai. Aka riƙa tambayarsa yaushe za a sha biki, kuma ko shi zai yanka wa amarya tikiti. Mutumin da ya ƙi aure shekara da shekaru saboda matarsa, ya zauna ana yi masa wannan tsiya yana sunkuyar da kai. Na ce masa abin ya ishe ni, zan yi maganinsu. Ya ce in bar su, gara wannan.

Na sha yi masa faɗa a kan ya je ya gaya wa Manaja da bakinsa. Manajan nan ɗan mai kamfanin ne, Yaya ya san shi tun yana rarrafe a ƙarƙashin teburan ofis, har yau Kawu yake ce masa, kuma ba mugu ba ne. Amma Yaya ya ce ranar da aka san mai kwafe lambar fasfo ba ya gani, ko uwarsa ce manaja ba za ta bar shi a kujerar ba, da shi ne manajan ma haka zai yi. Na ce to har yaushe za mu yi ta wannan ɓoyo. Ya ce har ranar da rawayar ma ta ƙi.

Haka muka yi ta lallaɓawa, har abin ya zame mana jiki. Sai wata safiya Manaja ya tara mu wai yana da albishir. An sayo sababbin kwamfutoci, ga kwalayensu can jibge a ɗakin ajiya. Ranar Juma'a za a kwashe tsofaffin, mai gyaran kwamfutocinmu zai haɗa sababbin a ƙarshen mako, ranar Litinin kuma shi Manaja da kansa zai bi tebur-tebur ya tabbata kowa ya shiga shafin kamfanin jirgi lafiya. Aka yi tafi. Na waiwaya lungu na ga Yaya shi ma yana tafi, a hankali, yana kallon ƙasa.

Abin da ke gabanmu a fili yake. Ranar Litinin za a zaunar da shi gaban farin allo mai ƙananan haruffa, Manaja tsaye a kansa. Uwata tana can wata ƙasa tana fama da jariri, ko da ta yi mana bayani ta waya, sababbin kwamfutocin ba za su shigo hannunmu ba sai safiyar da ake magana. Hanya ɗaya ce ta rage, mu bi ta hannun mai gyaran.

Injiniya muke ce masa. Mutum ne mai tumbi da fara'a, wayoyi biyu a hannu, kullum wani ofis na jiransa. Ya iya aikinsa, ba zan ɗauke masa wannan ba. Yana da tsarin da yake alfahari da shi, wai shi ba ya gyara abu ɗaya sau biyu. In ya daidaita kwamfuta ɗaya ta yi masa, sai ya kwafe saitinta ya zuba wa sauran. Mun sha jin yana faɗa, kamar yadda ake jin kukan fanka, ana ji ba a saurara.

Muka tare shi ranar Alhamis da rana, lokacin da kowa ya sauka cin abinci. Mun yi da Yaya a kan zai gaya masa gaskiya, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Injiniya ya ja kujera ya zauna, Yaya ya buɗe baki, na ga yana shirin kauce wa maganar. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar.

"So nake sabuwar ta zama kamar tsohuwar," in ji shi. "Kada komai ya canja."

"Shi ke nan, Baba? Ai wannan ba aiki ba ne."

Injiniya ya yi mana bayani, don yana son a san ya sani. Ya ce a cikin kwamfuta akwai wani rumbu da ake kira rajista, nan ne manhaja ke ajiye duk abin da mai ita ya zaɓa, shafin da take fara buɗewa da shi, shafukan da ta yarda da su, launi, girman rubutu, komai da komai. Ba sai ya bi taga-taga yana dubawa ba. Zai je reshen da ke riƙe da saitin burauza ne kawai ya fitar da shi a fayil ɗaya, ya sa a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. A sabuwar kwamfuta ya danna fayil ɗin sau biyu, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata, shi ke nan sabuwa ta ɗauki halin tsohuwa.

Ya kai hannu zai buɗe burauzar, wai ya ga yadda take. Yaya ya ɗora tafinsa a kan hannunsa, ya ce ba sai ya buɗe ba. Injiniya ya dube shi, ya dube ni, ya kashe ido ɗaya. Ashe labarin budurwar ya kai har wurinsa. Ya ce kada Baba ya damu, shi ba ya leƙa ɗakin mutane. Ya buɗe rajistar, wasu rassa jere a gefen allo kamar jerin akwatuna cikin akwatuna, ya bi su da sauri, ya tsaya a kan ɗaya, ya fitar, ya ƙara da wani a ƙasa. Kafin shayin da na zuba masa ya huce ya gama. Yaya ya tambaye shi ko ya tabbata ya kwashe duka, babu abin da ya rage. Ya ce ko numfashin kwamfutar yana cikin filash ɗin nan.

Yana miƙewa ya ce wani abu da muka ɗauka yabo ne. Ya ce a duk ofishin nan kwamfutar Baba ce kaɗai ba a taɓa kiransa a kanta ba. Sauran kullum shafin kamfanin jirgi yana ƙin buɗe musu, ita kuwa lafiya lau. Yaya ya yi murmushi ya ce lallaɓa ta yake yi. Injiniya ya jefa filash a aljihun riga ya sauka yana amsa waya.

Ƙarshen makon nan na ga Yaya cikin walwalar da na manta yana da ita. Ya zo gidana, ya yi wasa da yarana, ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya ce ashe abin da muke ta tsoro bai fi ƙwayar wake ba a cikin filash. Ni ma na saki jiki. Ina tuna wannan hutun da haushi, domin shi ne na ƙarshe da ya yi yana ma'aikaci.

Ranar Litinin ofis yana ƙamshin sabuwar roba. Allunan siri-siri, baƙaƙe, jere a kan tebura, an kwashe kwalaye. Yaya ya riga kowa zuwa, ya juya nasa ya fuskanci bango kamar kullum. Aka hallara, Manaja ya fito, Injiniya na gefensa yana shafa tumbi. Kafin kowa ya taɓa komai, Injiniya ya ce yana da magana. Ya ce daga yau babu wanda zai ƙara kiransa a kan shafi ya ƙi buɗewa, domin ya ɗauko saitin kwamfutar da ta fi kowacce lafiya a ofishin nan ya zuba wa kowa. Ya nuna lungu da hannu, ya ce a gode wa Baba Sake-Duba. Daga baya na ji cewa ranar Lahadi babu intanet a ofis, don haka bai buɗe burauza ko ɗaya ba. Ya bi kwamfutocin ne ɗaya bayan ɗaya yana danna fayil ɗin sau biyu, kowacce ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata.

Ina tsaye a teburina. Na so in yi magana, amma mutane sun riga sun kai hannu. Allon 'Yar Gayu ne ya fara, ya yi baƙi, manyan haruffa rawaya suka cika shi. Sai na kusa da ita. Sai na gaba. Sai nawa. Daga bakin ƙofa har lungu, kowane tebur ya koma teburin Yaya. Aka fashe da dariya. Wani ya ja kujerarsa baya ya ce ko daga titi zai iya karantawa. Wani ya ce ashe budurwar Sake-Duba da manyan baƙi take rubutu. Injiniya ya sunkuya yana kallon allo, murmushinsa yana raguwa. 'Yar Gayu kuwa tana dariya har da riƙe ciki, ta ce:

"Injiniya, wannan ai na makafi ne."

Ita kanta sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Dariyar ta mutu tebur bayan tebur. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka kalli lungu. Yaya yana zaune a miƙe, rigarsa ta sha guga, hannayensa biyu a kan tebur. Allonsa ya zo masa daidai yadda ya roƙa, babu abin da ya canja.

Manaja ya ratsa tsakanin tebura. Ya je lungu ya ce Kawu ya ɗan zo. Ofishinsa da gilashi aka kewaye shi, don haka na gani ko da ban ji ba. Ya ba Yaya kujera, ya zauna kusa da shi ba a bayan tebur ba, suka yi magana. Sai ya jawo wani fasfo daga aljihun tebur, ya buɗe, ya miƙa masa. Yaya ya karɓa. Ya kai shi kusa da fuska, ya nesanta shi, ya karkata shi wajen taga. Ya daɗe a haka. Sannan ya rufe fasfon, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu, ya daidaita shi da gefen teburin. Manaja ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Ni kuwa na tare Injiniya a matakala, na wanke shi tas, har masu kantin magani suka leƙo. Bai rama ba. Sai da na gaji ya ce:

"Anti, me ya hana ku gaya mini? Da kun faɗa, da tasa kaɗai zan zuba wa, kuma da babu mai ji daga bakina."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na so a ce mugunta ya yi, in samu wanda zan riƙe.

Na shirya yaƙi. Na ce wa Manaja a binciki duk tikitin da Yaya ya yanka tun da idon ya fara, in an samu kuskure ɗaya ni ma a kore ni. Na faɗa da ƙarfi, a gaban kowa, ina bugun tebur. Manaja ya ce dama dole ne a bincika, ba don raini ba, don fasinjoji. Aka bincika. Tsofaffin duk lafiya. Sai a cikin na baya-bayan nan aka samu ɗaya, na wata dattijuwa da za ta je jinya, takwas ya zauna inda uku ya kamata ya zauna a lambar fasfonta. Ba ta riga ta tashi ba, aka gyara cikin sauƙi. Ni aka bar wa nauyin gaya masa. Ya tambaye ni sau biyu wace lamba ce, ya tambayi ko matar ta sani, na ce ba ta sani ba. Ya ce an gode Allah. Daga nan ya haƙura da kujerarsa, ni ma na ajiye yaƙin.

Manaja ya yi masa tayin ya riƙa zuwa yana zama kusa da ni yana gaisa da baƙi. Yaya ya ce a'a, shi ba hoton bango ba ne. Aka yi masa sallama ta mutunci, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango mai siraran hannaye da ba zai iya gani ba. 'Yar Gayu ta yi kuka har kwalliyarta ta ɓaci. Ya ce ta daina, ai ba ƙarya ta yi ba.

Injiniya ya bi kwamfutocin ya mayar da su farare, bai ɗauke shi wani lokaci ba. Mutum biyu suka ce ya bar musu baƙin allon, ya rage girman haruffan kawai, wai ya fi musu sauƙi a ido. Har yau haka suke aiki, suna kiransa saitin Sake-Duba. Kullum sai na wuce ta bayansu na gani, kuma ban saba ba. A lungu yanzu firinta aka ajiye.

Bayan 'yan makonni Injiniya ya ɗauko tsohuwar kwamfutar Yaya daga ɗakin ajiya, da izinin Manaja, ya kai masa gida a bayan motarsa. Ya haɗa ta a kan teburin cin abinci, ya jona mata intanet, ya ƙi karɓar ko ruwa. Nufinsa alheri ne. Ya ce Baba ya riƙa karanta labarai, ya riƙa ganin hotunan jikansa. Uwata ma ta yi murna ta waya, ta ce za ta riƙa turo masa. Babu wanda ya tuna cewa shafin da burauzar ke fara buɗewa da shi shi ne ƙofar shiga ta kamfanin jirgi, kuma tun ranar sallama aka rufe sunan Yaya a can.

Idon ya ci gaba da tafiya. Yanzu in na shiga sai na yi magana yake sanin ni ce. Ya daina fita shi kaɗai tun da ya yi karo da ƙarfen bakin titi. Rediyon ma ya daina kunnawa, ya ce surutu ne. Amma guga bai daina ba, yana lalubar ɗinkin riga da yatsa yana bi.

Wata safiya na biya ta gidansa kafin in wuce ofis, na kai masa maganinsa. Na tarar ya yi wanka, ya sa riga mai guga da takalmi, yana zaune gaban kwamfutar. Ya juya allon ya fuskanci bango, a gidan da babu kowa sai shi. Na zagaya na tsaya a bayansa, bai sauke tagar ba. Ya rubuta sunansa a shafin kamfanin jirgi, ya rubuta kalmar sirrinsa, ya tsaya, ya matso, ya bi su harafi bayan harafi da yatsa, sannan ya danna. Shafin ya juya. Manyan haruffa rawaya suka cika allon daga gefe zuwa gefe, suna cewa ba a san mai wannan suna ba.

Na ce masa bari in kira Injiniya ya canja shafin farkon, ya sa masa na labarai ko hoton jikansa. Na ce wannan azabtar da kai ne, kuma ba zan zuba ido ina kallo ba.

Bai juyo ba. Ya goge sunan, ya fara sake rubutawa.

"Bar shi, Auta," in ji shi. "A duk gidan nan shi kaɗai ne nake gani sosai."